Gubar Da Ke Shiga Gida Ta Hannun Iyaye

A farkon shekarar 2010 mutanen waɗansu ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum, a Jihar Zamfara, suka ga agwaginsu suna ta mutuwa. Ba wanda ya damu ƙwarai, gama annobar kaji da agwagi ba baƙuwa ba ce a ƙauye. Ba a jima ba sai abin ya koma kan yara ƙanana. Yaro ya fara da amai da ciwon ciki, ya ƙi nono, ya ƙi tuwo, sa'an nan ya shiga jijjiga yana sandarewa, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Aka ba da na sanƙarau, shi ma bai yi ba. A watan Maris na wannan shekara likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, waɗanda suke zaga ƙauyuka domin neman masu sanƙarau, suka ji labarin yawan mutuwar. Suka ɗebi jinin waɗansu yara suka aika Turai a gwada. Amsa ta dawo cewa dalma ce.

Da masu bincike suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, sai suka tarar cikin yara 463 da ba su kai shekara biyar ba, 118 sun mutu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Duka duka an lasafta yara fiye da 400 da wannan guba ta kashe a Zamfara. Sunayen ƙauyukan kuwa sun zaga duniya: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Guru, Tungar Daji, da Bagega. A shekarar 2015 irin wannan ya sāke faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Mu da muke zaune a Kalgo da sauran ƙasar Gwandu, wannan ba labarin nesa ba ne. Kafin 1991 mu da mutanen Zamfara jiha ɗaya muke, watau tsohuwar Jihar Sakkwato. A nan Jihar Kebbi ma ana haƙar zinariya a wajen Yawuri, samarinmu kuwa sukan tafi ci-rani wuraren haƙa su komo gida da kayansu. Banda wannan, dalma tana da waɗansu ƙofofi da take bi ta shiga gidan da ba a taɓa ganin dutsen zinariya a cikinsa ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda Ta Shiga Gidajen Zamfara

Mutanen nan manoma ne kamarmu. Kuɗin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwar duniya a waɗannan shekaru, har mutum yakan samu a rami abin da gona ba za ta ba shi ba. Maza suka riƙa kawo duwatsu cikin buhuna har cikin gari. Ana farfasa su da guduma, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, mata kuma su daka a turmi a tsakar gida, wani lokaci da goyo a baya. Sa'an nan a wanke garin dutsen, a shanya, a kama zinariyar da zaiba. Abin da ba su sani ba shi ne, dutsen da suka fāɗa a kai a lokacin cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, da bakin rijiya, da kan hatsin da aka shanya, da tabarmar da jariri yake kwanciya.

Mu lura da wannan da kyau. Ba maƙiyi ne ya kawo gubar nan ba. Uban da yake neman kuɗin abinci da na sutura ne ya ɗauko ta a ka, uwa mai taimakon mijinta ce ta daka ta. Duk wanda ya shigo da ita gida, don ƙaunar iyalinsa ya yi. Haka take a kusan kowace hanya da za mu ambata a nan gaba. Saboda haka maganarmu ba ta zargi ba ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin Da Dalma Take Yi Wa Yaro

Dalma ƙarfe ce mai laushi, mai nauyi, mai saurin narkewa. Jikin mutum ba ya bukatarta ko kaɗan. Ƙurarta ba ta wari, ido kuma ba ya rarrabe ta da ƙurar hunturu. Tana shiga ta baki da ta hanci. Yaro ƙarami ya fi babba haɗari saboda dalilai uku. Na fari, rarrafe yake yi a ƙasa, kome ya ɗauka kuwa sai baki. Na biyu, hanjin yaro yakan tsotse dalmar da ya haɗiye sau huɗu ko biyar fiye da yadda na babba yake yi, balle idan cikinsa ba kome, ko yana da ƙarancin jini. Na uku, ƙwaƙwalwarsa tana cikin ginuwa. Ginin da aka ɓata tun yana ɗanye kuwa ya fi wuyar gyara.

Idan ta shiga jini, jiki yakan ɗauke ta kamar sinadarin da yake gina ƙashi, sai ya ajiye ta a ƙasusuwa da haƙora, inda za ta zauna shekaru masu yawa. Yarinyar da ta sha dalma tana ƙarama, ran da ta girma ta yi ciki, dalmar takan fito daga ƙashinta ta bi jini ta kai ga ɗan tayi. Takan jawo ɓari, da haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi. Ga manya kuwa takan kawo hawan jini da ciwon ƙoda.

Likitoci suna auna ta da wani ɗan mitsitsin ma'auni da ake kira maikirogiram, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan awon yaro ya kai 5, sai a nemi inda dalmar take fitowa a raba shi da ita. Idan ya kai 45, yana bukatar magani na musamman mai jawo dalmar ta fita ta fitsari. A ƙauyuka biyun nan na Zamfara, yara 97 cikin 100 da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce, da yawa ma sun wuce 65, inda na'urar hannu da aka zo da ita take tsayawa. Hukumar ta kuma faɗa a fili cewa babu wani awo na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Mai yawa ita ce take kawo jijjiga, da suma, da mutuwa. Waɗansu yaran da suka tsira a Zamfara sun makance, waɗansu jikinsu ya shanye. Amma 'yar kaɗan ɗin, wadda ba ta kwantar da yaro, ita ce ta fi yawa a duniya. A shekarar 2020 UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar da rahoto cewa wajen yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, awon jininsu ya kai 5 ko ya fi. Irin wannan yaro yana ci, yana wasa, yana zuwa makaranta. Sai dai karatu ba ya zama a kansa. Abin da aka koya masa da safe, kafin la'asar ya zube. Ba ya iya zama wuri ɗaya, ga saurin fushi, wani lokaci kuma kunnensa ba ya ji sosai.

Mu malaman makaranta mun san irin yaran nan, a kowane aji akwai su. A gida a ce musu dakikai, a waje a ce musu masu taurin kai, wani ma ya sha bulala a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Ba mu ce kowane yaro mai nauyin karatu dalma ce ta taɓa shi ba. Yunwa, da yawan zazzaɓi, da ciwon kunne, da rashin barci, duk suna yin haka. Amma ya kamata iyaye su sani akwai guba mai cin basira ba tare da ta sa zazzaɓi ba. Abin baƙin ciki kuma, maganin asibiti yana rage dalmar da take cikin jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. A nan ne karin maganar nan, rigakafi ya fi magani, ya cika sosai.

Ƙofofin Da Take Bi A Wurinmu

Ƙofa ta fari ita ce tsohon batir na mota, da na babur, da irin manyan nan da ake haɗawa da farantin hasken rana, waɗanda yanzu suka shiga gidaje da shaguna da yawa. Yawancin nauyin irin wannan batir dalma ce. Muddin yana rufe ba ya cutarwa. Ran da aka fasa shi aka zubar da ruwan, aka narka abin da yake ciki a kan gawayi, hayaƙin da ƙurar sukan cika unguwa. A wata unguwa da ake kira Caroy a bakin birnin Dakar na Sanagal, inda mata suke tankaɗe ƙasar wurin fasa batir suna sayar da dalmar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008.

Ta biyu ita ce sana'ar da ake yi da dalma a tsakar gida. Ƙasarmu ƙasar gulbi ce da fadama, masunta kuwa da dalma suke yi wa birgi da taru nauyi. Maharba suna zuba harsashi da ita, masu gyaran rediyo da lagireto suna liƙi da ita. Sana'o'in nan halal ne, abin da ya kamata a raba shi ne wurin aikin da wurin wasan yara, da tukunyar narkawa da murhun tuwo.

Ta uku ita ce tukunyar da maƙera suke zubawa daga tarkacen ƙarfe. Asalinta alminiyam ce, ko da yake waɗansunmu sukan kira ta tukunyar dalma. Idan maƙeri ya haɗa da tarkacen injin mota da na lagireto, dalma ta gaskiya takan shiga ciki. A shekarar 2014 aka gwada irin waɗannan tukwane a Kamaru aka ga suna sakin dalma idan an dafa abu mai tsami. Saboda haka kada a bar miyar yakuwa, ko kunun tsamiya, ko tumatir su kwana a cikinta.

Ta huɗu ita ce fentin mai, musamman rawaya da ja masu haske, wanda ake shafa wa ƙofa, da taga, da gadon yara, da bencin makaranta. Idan ya tsufa yakan ɓarɓashe, yaro ya tsinta ya kai baki. Ta biyar ita ce farar ƙasar da mata masu ciki suke kwaɗayin ci. An sami dalma a cikin waɗansu irinta da ake sayarwa, ga shi kuwa abin da uwa ta ci shi ɗan cikinta yake samu.

Akwai wata ƙofa da aka riga aka rufe, muna ambatonta domin mu ga abin yana yiwuwa. Dā ana zuba dalma a cikin man fetur, kowace mota tana watsa ta a iska. Ƙasashe suka yi ta hanawa ɗaya bayan ɗaya, har a 2021 Aljeriya ta zama ta ƙarshe da ta daina sayar da irin wannan mai.

Maganar Kwalli

Mun ware wannan dabam domin ita ce ta fi kusa da mu, ita ce kuma ta fi wuyar faɗa. Da wuya a sami gidan Bahaushe, Kirista ko Musulmi, da babu tandun kwalli a ciki. Tun kafin ranar suna ake rangaɗa wa jariri, a ce yana wanke ido, yana ƙara kyau, waɗansu ma sukan sa a cibiya. Dutsen tozali mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, yawancinsa dutsen dalma ne, irin wanda ake haƙowa a Zurak ta Jihar Filato da Abakaliki ta Jihar Ebonyi.

A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka gwada jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, suka sami awonsa 13. Yaron lafiyarsa kalau a ido. Aka bincika gidan ba a sami kome ba, sai kwallin da ake sa masa sau uku ko huɗu a mako, wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ya sayo a Ilori. Da aka gwada kwallin, sai aka tarar fiye da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Yadda take shiga jiki kuwa ba wuya. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki. Hawaye kuma suna da 'yar hanya daga ido zuwa hanci da maƙogwaro.

Mai karatu zai ce, ai iyayenmu da kakanninmu da kwalli suka girma, ga su nan da hankalinsu. Gaskiya ne. Amma ba wanda ya auna abin da aka rage musu, gama basirar da yaro bai samu ba ba ta barin tabo. Tun da yake ido ba ya iya rarrabe kwalli mai dalma da marar dalma, shawarar likitoci ita ce kada a sa wa jariri da ƙaramin yaro, mace mai ciki da mai shayarwa su ma su haƙura da shi. Idon jariri ruwa mai tsabta da tsumma mai tsabta sun ishe shi. Idan yana ruwa ko kwantsa, a kai shi asibiti.

Mun sani a gidaje da yawa ba uwar jariri take yanke wannan shawara ba. Kaka ce take wankan jego, ita take riƙe da tandu, amarya mai haihuwar fari kuwa ba ta iya ɗaga ido ta ce wa surukarta a'a. A nan nauyin yana kan maigida. Shi ya kamata ya sami mahaifiyarsa a keɓe, ya durƙusa ya ce, "Inna, likitoci sun gano akwai dalma a cikin kwalli, tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Don Allah a bar wa jikanki idonsa haka nan." Tsohuwar da ta kwana tana jijjiga jikanta ba za ta so abin da zai cuce shi ba, in dai an faɗa mata da ladabi. Ungozoma da shugabannin zumuntar mata su ma maganarsu tana shiga inda ta ɗan yau ba ta shiga.

Abin Da Kowane Gida Zai Iya Yi

1. Kada a kawo dutsen ma'adini cikin gida ko cikin gari, kada kuma a niƙa shi a injin hatsi, ko a daka a turmin abinci. Ba kowane dutsen zinariya yake da dalma ba, amma ido ba ya gane wanda yake da ita.

2. Wanda ya dawo daga wurin haƙa, ko wurin gyaran batir, ko fenti, ya yi wanka ya sāke tufafi kafin ya ɗauki yaro. Takalman aiki su tsaya a waje. A wanke kayan aiki dabam da na iyali, buhun da aka zuba dutse kuma kada ya koma buhun gero.

3. Mataccen batir kada a fasa shi a gida, kada a bar wa yara su yi wasa da shi, kada kuma a mai da kwandonsa mazubin ruwa ko na abincin dabbobi.

4. A wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci da kafin barci. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta. A yayyafa ruwa kafin shara, ɗakin siminti kuwa a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

5. A ciyar da yara kafin su fita da safe, gama cikin da ba kome ya fi tsotsar dalma. Abincin da yake ƙara jini da ƙarfin ƙashi yana rage abin da hanji yake ɗauka: wake, zogale, alayyafo, miyar kuka, ƙwai, hanta, ƙananan kifi, nono da kindirmo, da 'ya'yan itace irin su lemo da gwaba. Abinci taimako ne kawai, ba ya wanke gubar da ta riga ta shiga.

6. Mai sayen fenti domin gida, ko makaranta, ko majami'a, ya tambayi wanda aka rubuta babu dalma a cikinsa. Tsohon fenti kuwa kada a kankare shi a bushe yara suna kusa.

7. Idan yaro yana yawan ciwon ciki, da taurin bayan gida, da kasala, da ɗashewa, ko ya yi jijjiga ba zazzaɓi, ko abin da ya riga ya iya na magana da tafiya ya fara komawa baya, a kai shi asibiti maza. A faɗa wa likita irin sana'ar da ake yi a gidan, da ko ana sa masa kwalli. Gwajin jini ne kaɗai yake nuna dalma, ba kowane ƙaramin asibiti yake da na'urar ba, saboda haka a roƙi likita ya nuna inda za a je. Idan yara biyu ko uku a unguwa ɗaya suka kamu da irin wannan, ko dabbobi suka fara mutuwa ba dalili, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma.

Abin Da Zamfara Ta Koya Mana

Labarin Zamfara bai ƙare a makabarta ba. Sarakuna da masu gari suka ba da umarni a fitar da aikin dutse daga cikin gari. Mutanen ƙauyukan da kansu, tare da ƙwararru, suka kankare ƙasar saman tsakar gidaje da fartanya, suka binne ta a ramuka na musamman, suka zuba sabuwa. Sai da aka yi haka aka ba yara magani sosai, gama ba amfani a wanke jinin yaro a mai da shi cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. An gyara ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, yara kuwa suna ta shan ƙura a duk tsawon jiran. Aka koya wa masu haƙa su riƙa niƙa dutse da ruwa domin kada ƙura ta tashi. MSF ta gwada yara fiye da 8,000 kafin ta miƙa aikin ga gwamnatin jihar a shekarar 2022.

Gyaran nan ya ci shekara goma sha biyu da kuɗi masu yawa, bai kuwa dawo da yaro ko ɗaya daga cikin waɗanda aka binne ba. Abin da ake roƙo a wurinmu bai kai wannan wuya ba. Mu dubi gidajenmu yau, mu ga inda tsohon batir yake jingine, da abin da yake cikin tandun kwalli, da inda maigida yake rataye rigar aikinsa. Sa'an nan mu faɗa wa maƙwabci, ko wane ne shi, gama yaranmu da nasu a ƙasa ɗaya suke wasa. Allah ya raya mana su cikin lafiya da basira.